Tafiyar da Ƙaramin Kamfanin Aikin Famfo a Birnin Kano





Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin yadda za a tara jama'a a zauren jami'a domin a yi magana a kan masu aikin famfo, alhali ga manyan batutuwa na mulki da tattalin arziki suna jiran mai taɓa su. Amsar wannan mamaki tana gidan kowa. Da wuya a sami wanda ya fito yau bai yi alwala ko wanka da ruwan da ya biyo ta hannun wani mai aikin famfo ba, ko da kuwa a wurin 'yan garuwa ya saya, domin su ma a bakin wani bututu suka cika jarkokinsu. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne ƙaramin kamfani irin wanda ake gani a unguwannin Kano, wato maigida ɗaya, da ƙwararrun ma'aikata biyu ko uku, da yara masu koyo, da ɗan ƙaramin shago, da babur ko tsohuwar a-kori-kura. Irin waɗannan kamfanoni ba su rasa aiki, amma duk da haka da yawansu ba sa daɗewa, sai a ga maigidan ya koma yawo da sifana shi kaɗai kamar yadda ya fara. Dalilin haka shi ne abin bincike.

Sana'ar famfo ba tsohuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ba ta cikin sana'o'in gado irin su ƙira da jima da rini da gini, waɗanda kowacce take da sarkinta da unguwarta da ƙa'idojin da uba yake danƙa wa ɗa. Kalmar famfo kanta aro ce daga Ingilishi, daga sunan injin tura ruwa. Birnin Kano ya dogara ne ga rijiyoyi da kududdufai har zuwa farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da aka kammala gidan ruwa na farko a bakin kogin Challawa, aka riƙa turo ruwa zuwa ma'ajiyar da ke kan Goron Dutse, daga can ya gangaro cikin gari. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga baya kuma aka ƙara gidajen ruwa a Challawa da Tamburawa da Watari. Amma yawan jama'a da faɗaɗar gari sun riƙa tsere wa bututun hukuma, har aka wayi gari sababbin unguwanni masu yawa ba su san ruwan gwamnati ba, wasu tsofaffin kuwa sai jefi-jefi suke ganinsa.

Abin da wannan ya haifar shi ne, gida mai ɗan hali ya zama gidan ruwan kansa. A cikin fili guda za a haƙa rijiyar burtsatse, a zura mata inji, a ɗora tanki a bisa ƙarfe, a ja bututu zuwa banɗaki da madafa, sannan a haƙa sokawe inda ƙazanta za ta taru. Aikin da a da injiniyan hukuma yake tsarawa, wani kuma ya zo ya duba kafin a rufe rami, yanzu ya faɗo a wuyan mai aikin famfo na unguwa, kuma galibi babu mai dubawa sai Allah.

A nan ne sana'ar ta bambanta da sauran sana'o'in hannu. Wanda ya kai ɗinki wurin tela zai sa rigar ya ga inda ta matse shi tun bai biya ba, wanda ya sa kafinta ya yi masa ƙofa zai buɗe ya rufe ya ji ko tana cijewa. Aikin famfo kuwa binne shi ake yi. Da zarar magini ya yi filasta, mai tayil ya shimfiɗa tayil ɗinsa, to mai gida ba ya ganin komai sai kan famfo mai ƙyalli. Ko bututun da ke cikin bango mai kauri ne ko shara-shara, ko an shafa gam yadda ya kamata a mahaɗa, ba zai sani ba sai bayan wata shida ko shekara, ranar da fenti ya fara kumbura a bangon ɗakin da ke maƙwabtaka da banɗaki. Saboda haka mai gida ba shi da abin da zai auna mai aiki da shi a ranar ciniki in ban da labarin da ya ji daga bakin wanda aka taɓa yi wa aiki. Wannan labari shi ne ainihin jarin kamfanin, ya fi shago da babur daraja. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba kuwa, yawancin masu aikin da suka zubar da wannan jari ba macuta ba ne tun asali. Mutanen kirki ne waɗanda rashin lissafi ya kai su inda ba su da mafita sai ha'inci. Amana a wannan sana'a tana bukatar littafi da biro.

Kuɗi uku a aljihu ɗaya

Duk mai ƙaramin kamfanin famfo yana riƙe da kuɗi iri uku. Akwai kuɗin kaya, wanda na mai gida ne, an ba shi ne domin ya sayo bututu da kawunan famfo da sauransu. Akwai kuɗin kamfani, wanda daga ciki ake biyan ma'aikata da hayar shago da sabunta kayan aiki. Akwai kuma nasa na kansa, na cefane da kuɗin makarantar yara. Ciwon da ya fi kashe irin waɗannan kamfanoni shi ne haɗuwar ukun nan a aljihu guda.

A ƙaddara, domin misali kawai, an ba wani aikin banɗaki biyu, an yi ciniki a kan kaya na naira 300,000 da kuɗin aiki naira 100,000, mai gida ya ba da kuɗin kaya gaba ɗaya a matsayin kafin alƙalami. A hanyar kasuwa sai aka kira shi daga gida cewa an koro yaro daga makaranta, ya cire naira 50,000 da niyyar mayarwa idan an biya shi kuɗin aiki. Sai kuma ya tuna akwai wani aikin baya da ya rage injin dumama ruwa bai sa ba, mai gidan yana ta kira, ya cire naira 30,000 ya cika. Ya isa Kasuwar Ƙofar Ruwa da naira 220,000, kayan naira 300,000 kuma suna jiransa. Hanya uku ce ta rage masa. Ko ya sayi kaya masu araha ya binne, ko ya ci bashi wurin mai shago a farashin da ya fi na kuɗi hannu, ko ya fara aikin ya tsaya a tsakiya, ya daina ɗaukar waya har sai wani sabon mai gida ya kawo nasa kafin alƙalamin. Wannan hanya ta uku ita ce ta fi yawa, ita ce kuma asalin ƙorafin da kowa ya sani, cewa mai aiki ya karɓi kuɗi ya ɓace. Bai gudu ba, yana can wani gida yana ƙarasa aikin jiya da kuɗin yau. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma wanda ya ci ladan kutare biyar da aska ɗaya, dole huɗu su zauna jira.

Maganin wannan ba ya bukatar digiri. Maigida ya yanka wa kansa albashi, komai ƙanƙantarsa, ya tsaya a kansa. Kuɗin kaya kuwa kada ya kwana a hannunsa: ko a saya a ranar da aka karɓa a kai wa mai gida rasit, ko a tafi kasuwa tare da shi ya biya da hannunsa, ko ya tura wa mai shago kai tsaye, tunda yanzu tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare. Wasu masu aikin ba sa son wannan, domin a cikin sayen kaya suke samun ɗan abin da suke ƙarawa a asirce. Gaskiyar magana ita ce, suna yin haka ne saboda sun karya kuɗin aikinsu tun wurin ciniki, suna neman cike giɓin ta bayan fage. Da sun faɗi kuɗin aiki na gaskiya, har da ladan zirga-zirgar kasuwa a fili, da sun huta da fargabar ranar da mai gida zai je ya tambayi farashi da kansa.

Shi kuɗin aikin ma yana bukatar a zauna a warware shi. A koma ga naira 100,000 ɗin nan. Idan aikin zai ci kwana biyar, da ƙwararru biyu kowanne naira 5,000 a yini, an ci naira 50,000. Abinci da kuɗin mota na yara masu koyo, a ce naira 2,000 a yini, naira 10,000 ke nan. Man babur da na janareto, a ce wata naira 10,000. Abin da ya rage naira 30,000, a cikinta kuma akwai hayar shago, da lalacewar kayan aiki, da katin waya, da wahalar shi maigidan ta kwana biyar. To idan magini bai gama fasa bango a kan lokaci ba, aikin ya kai kwana takwas, ƙarin kwana ukun nan sun ci naira 36,000, riba ta ƙare har an shiga uwar kuɗi. Maigidan da ba ya rubutu ba zai taɓa sanin ya faɗi a wannan aiki ba, domin kullum akwai kuɗi a aljihunsa, na wani ne dai. Wannan shi ya sa ake ganin mutum kullum cikin aiki, daga wannan gida zuwa wancan, shekara goma, amma ko injin gwada bututu bai iya saya ba.

Rubutun da ake bukata kaɗan ne: littafi ɗaya na shiga da fita na kowace rana, da shafi guda ga kowane aiki, inda za a ga abin da aka karɓa da abin da aka kashe da kwanakin da ya ci. Kada kuma wani ya ɗauka wannan al'adar Turawa ce. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato aya ta 282 ta Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Abin mamaki ne a ga mutumin da ya haddace ta yana karɓar dubban ɗaruruwa na jama'a ba tare da ko ƙyallen takarda ba, wai don kada a ce bai yarda da mutane ba.

Takardar ƙiyasi ita ce ta biyu. Ya kamata ta faɗi irin bututun da za a sa da kaurinsa da sunan kamfanin da ya yi shi, ta raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ta faɗi abin da ba ya cikin ciniki, kamar fasa bango da mayar da tayil, domin a nan ne rigima ta fi tashi. Sannan ta faɗi kwanakin da farashin zai tsaya. Shekarun baya-bayan nan sun koya wa masu sana'a wannan darasi da zafi. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024. Yawancin kawunan famfo da injuna daga waje ake shigo da su, bututun da ake yi a gida ma sinadarin robarsa yana bin dala. Duk wanda ya ba da ƙiyasi a baki a wancan lokaci, mai gida ya dawo bayan wata uku ya ce a fara a kan tsohon farashi, ya san abin da ya ɗanɗana. Jumla ɗaya a ƙasan takarda, cewa wannan farashi na mako biyu ne, da ta raba gardama.

Abin da ake binnewa

Bututu iri-iri ne, kuma kowanne da inda ya dace. Na ƙarfe da aka saba da shi a tsofaffin gidajen gwamnati yana da ƙarfi, amma yana tsatsa daga ciki har hanyar ruwa ta tsuke. Na roba da ake kira PVC ba ya tsatsa, ga sauƙin haɗawa da gam, sai dai ba ya jure ruwan zafi, kuma idan aka bar shi a fili rana ta daɗe tana dukansa yakan bushe ya riƙa tsagewa, abin da ya kamata mai aiki a gari mai rana irin Kano ya riƙa tunawa. Na ruwan zafi shi ne wanda ake kira PPR, wanda ake narka bakinsa da injin zafi a haɗe. A cikin PVC ɗin ma akwai mai kauri na ɗaukar ruwa mai ƙarfi, akwai mara kauri na zubar da ruwan wanka. A ido kusan ɗaya suke, a farashi kuwa akwai rata, kuma a cikin wannan rata ne Shaiɗan yake zama. Araha ba ta ado, balle arahar da za a rufe da siminti.

Akwai ƙa'idojin da maigida ba zai bar wa yara su yi yadda suka ga dama ba. Bututun inci huɗu da ke ɗauke ƙazanta daga masai yana bukatar gangara, abin da aka saba shi ne inci ɗaya a kowane inci 40 na tsawo, idan ya kwanta ƙazanta ta tsaya a hanya. Lanƙwasar da ake yi a ƙarƙashin wurin wanke hannu, inda ɗan ruwa yake kwanciya, ita ke hana warin sokawe dawowa cikin ɗaki, wanda ya tsallake ta don ya rage kuɗi ya bar wa mai gida ɗoyi har abada. Ƙarfin ruwa daga tsayin tanki yake zuwa, girman tanki ba ya ƙara masa komai, saboda haka mai gidan da yake kukan ruwa ba ya zuba da ƙarfi a bene ba sabon tanki yake bukata ba. Lita 1,000 ta ruwa kuwa nauyinta tan ɗaya ne cif, wanda duk zai ɗora tanki mai lita 2,000 a kan ƙarafa, ya san nauyin da ya fi na ƙaramar mota ya rataya a kan tsakar gidan da yara suke wasa.

Amma ƙa'idar da ta fi kowacce muhimmanci ga rayuwar kamfani ita ce gwaji kafin rufewa. A toshe bakunan bututu, a cika su da ruwa, a matsa da injin gwaji na hannu, a bar shi ya kwana. Idan allurar ma'auni ta sauka, akwai inda yake yoyo, a nemo shi yau da bango yake buɗe, lokacin da gyaran bai wuce kuɗin gam da mahaɗa ɗaya ba. Bayan an sa tayil, wannan gyara zai ci kuɗin tayil da na magini da na fenti, ya kuma ci sunan kamfani. Ya kamata a kira mai gida ya ga gwajin da idonsa, a ɗauki hoton kowane bango da waya kafin a yi filasta, a tura masa. Hoton nan zai nuna irin bututun da aka sa, zai kuma hana kafinta ya buga ƙusa a kansa wata rana, a zo a ɗora wa mai famfo laifi. Masu gida da maginai sukan matsa a rufe da wuri, su ce ana ɓata lokaci. Kwana ɗaya ne kawai.

Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, idan aka ba shi kaya ya tafi da su inda mai su ba ya gani, to lamuninsu yana wuyansa idan sun salwanta, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Hukuncin ya fi shafar irin su tela da marini, amma hikimar da ke cikinsa ta shafi mai famfo, domin shi ma aikinsa a bayan idon mai shi yake. Kamfanin da ya rubuta a takarda cewa duk mahaɗar da ta yi yoyo cikin wata shida zai dawo ya gyara kyauta, ya ɗaure kansa ne da yin gwaji, kuma wannan ɗauri alheri ne gare shi.

Ma'aikata da masu koyo

Da zarar kamfani ya kai ga riƙe aiki biyu a rana ɗaya, maigida ba ya iya tsayawa a kan kowace mahaɗa, sunansa ya koma hannun yaransa. Yaron da ba a biya shi ba sai an ga dama, shi ne zai sayar da ragowar gam, ko ya ba mai gida lambarsa a asirce ya ce gobe ya kira shi kai tsaye zai yi masa da sauƙi. Ranar biya tsayayya, ko ta mako ko ta wata, ta fi kowace irin nasiha tasiri. Masu koyo kuma a yi magana da iyayensu tun farko a kan shekarun da za su yi da abin da za a sallame su da shi. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya, akwai kuma horon da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, yake bayarwa. Wasu iyayen gida suna ƙin tura yaransu, suna tsoron idan sun sami takarda za su tafi. Ai ko babu takarda za su tafi. Wanda aka yaye da mutunci yakan turo wa tsohon maigidansa aikin da ya fi ƙarfinsa, wanda ya fita da fushi kuwa da abokan ciniki yake fita.

Batun rajista ba ya bukatar dogon bayani. Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, tana yi wa sunan kasuwanci rajista, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya tak yana iya kafa ƙaramin kamfani. Amfanin rajista na farko shi ne buɗe asusun banki da sunan kamfani, wanda shi kansa ya raba aljihu biyu daga cikin ukun da aka ambata.

Bashin da ke kan hukuma

Wannan sashe ya shafi ma'aikatan gwamnati da ke zaune a nan kai tsaye. Ƙaramin kamfani yakan yi murna ranar da ya sami aikin gyaran banɗakunan wata makaranta ko asibiti, alhali sau da yawa ranar ce mafarin durƙushewarsa. Zai zuba ɗan jarinsa, ya ci bashin kaya, ya gama aiki cikin mako uku, sannan fayil ya fara tafiyarsa daga tebur zuwa tebur. Babban ɗan kwangila yana iya jiran shekara, yana da banki a bayansa. Mai ma'aikata huɗu ba ya iya jiran wata uku. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta Gwamnatin Tarayya ta 2007 ta ɗauki duk biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardun neman biya a matsayin jinkirtacce, amma wane mai gyaran famfo ne zai kai ma'aikata ƙara, yana fatan a sake ba shi aiki baɗi? Akawun da ya bar fayil ya kwana wata guda a cikin durowa bai saci ko kwabo ba, amma ya kamata ya san cewa a wannan watan wani ya sallami ma'aikatansa. Masu aikin kuma sun koyi darasi, suna ninka farashi idan aikin na hukuma ne domin su fanshe jira, ko su rage ingancin abin da za su binne. Ta haka ne banɗakin makaranta da aka gyara bana yake sake neman gyara baɗi. Jami'in da zai sa hannu a takardar kammala aiki, da zai je wurin tun bango yana buɗe, ya ga gwajin ruwa da idonsa, sannan ya tsaya a biya a kan lokaci, da ya yi wa baitulmali tanadin da ya fi na rage farashi a teburin ciniki. Shawarar da ta dace ga mai kamfani kuwa ita ce, kada ya taɓa zuba fiye da abin da zai iya jira a aikin mai biya guda, hukuma ce ko attajiri.

Saura magana ɗaya, wadda ta wuce riba da faɗuwa. A 1854 wani likita a birnin Landan mai suna John Snow ya bi sawun annobar kwalara har zuwa famfo guda a wani titi, daga baya aka gano cewa ramin ƙazanta da ke daf da rijiyar ne yake tsiyaya cikinta. A 2021 Nijeriya ta ga annobar kwalara da ake zaton ta kama sama da mutum 100,000, ta kashe sama da 3,000, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Hanyoyi biyu da ƙazanta take bi ta shiga ruwan sha duk ta hannun mai famfo suke wucewa. Ta farko ita ce bututun da ake ja ta cikin kwata domin guje wa haƙa. Muddin akwai ruwa mai ƙarfi a ciki, yoyo waje yake fita, amma da zarar an ɗauke ruwa bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo ruwan kwata ta wannan kafa, ranar da aka kawo ruwa ya tura shi cikin randar mutane. Ta biyu ita ce kusancin sokawe da rijiya. Tazarar da masana kiwon lafiya suka fi ba da shawara ita ce mita 30, wato kimanin ƙafa 100, alhali filaye da yawa a sababbin unguwanni ƙafa 50 ne a kan 50, ga kuma sokawen maƙwabci a jikin katanga.

A irin wannan hali mai kamfani ba shi da ikon faɗaɗa fili, amma yana da abin yi. Zai iya zagayawa ya tambayi inda ramukan maƙwabta suke kafin a zaɓi wurin haƙa, ya sa rijiya a kusurwar da ta fi nisa kuma ta fi tudu, ya nace a gina tankin ƙazanta da siminti a shafe cikinsa don kada ya tsiyaya, a toshe wuyan rijiya da kankare don kada ruwan sama ya gangara ciki, ya kuma shawarci mai gida ya kai ruwan a gwada kafin iyali su fara sha. Idan mai gida ya ƙi, ya ce lallai sai a jikin masai za a haƙa domin nan ne ba za a taɓa wurin ajiye mota ba, to a nan ne littafin lissafi yake nuna amfaninsa na ƙarshe. Maigidan da ya riga ya cinye kafin alƙalami ba shi da bakin cewa a'a. Wanda kuɗin mutane suke nan a ajiye ba a taɓa ba, shi yake iya mayar da su, ya kwashe kayan aikinsa ya tafi.